Rasuwa Ya Yi

Ni ban nemi babur don gayu ba. Saboda Zuhra na neme shi, matata.

Haihuwarta ta fari a amalanken shanu muka ɗauke ta, don ranar duk masu babur na unguwarmu sun tafi cin kasuwa. Unguwar tamu tana can bayan Toranke, gidaje ne da ba su kai ashirin ba, kuma tsakaninmu da bakin kwalta akwai tafiya. Shanu suna jan ƙafa, ni ina gefe ina ta ce mata sannu. Kafin mu kai titi ta haihu, yaron bai zo da rai ba. Ita ma da ƙyar ta sha.

Da ta sake samun ciki, malamar asibiti a Gaya ta sa aka kira ni. Ta ce, “Kai ne maigidan? To wannan karon da ta fara jin ciwo ka kawo ta. Kada ku tsaya jiƙe-jiƙe a gida.” Na ce to. Ina fitowa na tsaya a bakin ƙofa ina tunanin da me zan kawo ta.

A masallacin Juma'a na ji labarin wani mataccen babur a Gafasa, wai masu shi so suke kawai a raba su da shi. Na sayar da awakina biyu na tafi.

Mutumin da ya fito mini sunansa Muhammad Auwal, dogo ne, furfura ta fara taɓa gemunsa, ba shi da yawan magana. Ya zagaya da ni bayan rumbu, ya yaye wata tsohuwar tabarma. Ga babur nan jingine, ja ne amma rana ta cinye jan, tayoyin duk sun kwanta, sarƙa ta yi tsatsa. Na zagaya shi sau biyu kamar wanda ya san abin da yake dubawa. Sannan na ɗora hannu a kan tanki na ce, “Malam, me ya same shi?”

Bai kalle ni ba. Sirdin yake kallo.

Ya ce, “Rasuwa ya yi. A hanya. Lafiya lau ya fita.”

Sai na fashe da dariya. Ai mu a wurinmu babur mutuwa yake yi, kamar fitila ko akuya. Rasuwa ta ɗan Adam ce. Na ɗauka irin mutanen nan ne masu barkwanci fuska a murtuke. Na bubbuga tankin na ce, “Ashe! To Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.”

Ya daɗe yana kallona. Can ya ce, “Amin.”

Bai ja ciniki ba, abin da na miƙa shi ya karɓa. Abu ɗaya kawai ya roƙa, ya ce kada in bi da shi ta ƙofar gida, in zagaya ta baya, tsohuwa tana zaune a zaure. Na ce a raina ko kunyar sayar da kaya yake ji. Muka ɗora a amalanke na kawo gida.

Zuhra ta leƙo ta kalle shi sama da ƙasa. Lokacin cikin wata huɗu ne. Ta ce, “Wannan ne zai kai ni asibiti? Ai gara ka goya ni.”

Gwaggo Larai, ƙanwar mahaifina wadda ta raine ni, tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ko ɗago ba ta ce, “Bar shi. Tun yana yaro haka yake, in ya tsinci tsuntsu mai karyayyen fiffike sai ya kawo mini.”

Ni ban yi nisa a makaranta ba, kuma ban taɓa koyon kanikanci ba. Dabarata ɗaya ce. A gindin darbejiyar ƙofar gidanmu nake aiki in na dawo daga sharar gona. Duk abin da na kwance sai in ajiye shi a ƙasa, in zana masa da'ira da tsinke, na gaba ya bi bayansa, a jere kamar sahu. In zan mayar sai in faro daga ƙarshen sahun. Na wanke komai da kalanzir a wani tsohon kwanon Zuhra. Man da na zubar daga tanki ya yi ja kamar shayi. A cikin salansa, bututun hayaƙin nan, na tarar da gidan zanzaro, ɓera kuma ya ci wayoyi biyu. Abin da ya fi ƙarfina sai in ƙulle a tsumma, ranar kasuwa in kai Gaya wurin Bubayero.

Bubayero bakanike ne, Bafillatani da ya bar bin shanu ya kama sifana. Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, saboda haka ba ya raga mini.

“Babarbare, yau kuma wace gawa ka kwaso mana?”

Na ce, “Ai kuwa gawa ce, ɗan Fulani.” Na ba shi labarin mutumin Gafasa da rasuwar babur. Ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Duk masu jiran gyara suka taya shi. Daga ranar aka raɗa wa babur ɗin suna Marigayi. In na shigo kasuwa tun daga nesa ake tambayata, “Hafizu, ya jikin Marigayi?” Ni ma in amsa, “Da sauƙi, ya fara motsa ƙafa.”

Ranar da na kai masa injin gaba ɗaya, ya buɗe, ya leƙa, ya shafa da yatsa.

Ya ce, “Injin nan lafiyarsa lau. Zama ne kawai ya ci shi. Famfon mai fa, ɗan abin nan na ƙarƙashin tanki, a yaya ka same shi?”

“A rufe.”

“To wanda babur ya mutu masa a hanya ba ya tsayawa rufe famfo. Kik yake bugawa yana zagi. Wannan ajiye shi aka yi, da niyyar a dawo.”

Ban ɗauki maganar da nauyi ba. Murna ma na yi.

Akwai dai abubuwan da na riƙa gani ina kau da kai. Sirdin ya lotsa ta gefen hagu, ya ɗauki zaman wani, ko na zauna daidai sai in ji jikina ya karkata can. Wannan ba komai ba ne, kowane tsohon sirdi haka yake. Amma wata rana da tsakar rana, gari ya yi tsit saboda zafi, ina kishingiɗe a gindin darbejiya sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, a hankali. Irin ƙarar da inji ke yi in an dawo daga doguwar tafiya an kashe shi yana hucewa. A lokacin ko ɗigon mai babu a tanki, fulogi ma yana cikin aljihuna. Na miƙa hannu na taɓa salansa. Da ɗumi. A inuwa yake tun safe.

Zuhra ta fito da ruwa ta ce, “Me ke ƙara haka?”

Na ce, “Kwanon rufi ne, zafi.”

Ta kalli ɗakunanmu. Duk na ƙasa ne da azara, babu kwano ko falle ɗaya. Ta ajiye ruwan ta koma.

Wata Talata da hantsi, bayan an yi shuka, na mayar da abu na ƙarshe a sahu, na zuba mai, na ce bismillah na buga kik. Bugu na uku ya tashi. Hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida, kaji suka watse, Gwaggo Larai ta fito da muciya a hannu ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Zuhra ta jingina da bango tana dariya, hannunta a kan ciki. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Washegari na ce bari in gwada hanyar Gaya, in ga tsawon lokacin da za ta ɗauke ni.

Daga unguwarmu zuwa kwalta hanya ɗaya ce in damina ta zauna, don ta fadama ruwa ke shanye ta. A tsakiyar hanyar akwai mararraba inda ta Gafasa ta rabu da tamu, kuma a wurin akwai wani babban gawo. Kowa ya san halin gawo. Lokacin da duk itatuwa suka yi kore shar, shi lokacin yake zubar da ganye, ya tsaya fari fat da ƙaya kamar busasshe.

Babur yana tafiya sumul. Ina zuwa daidai gawon sai ya ɗauke. Bai yi tari ba, bai yi shaƙuwa ba, shiru kawai ya yi kamar an murɗe makulli. Kan babur ɗin ya ja hagu a hankali, ya gangara da ni har gindin itacen ya tsaya. Na buga kik har gumi ya jiƙa mini riga. Ko uffan. Na zauna a kan saiwa ina huci. Wurin shiru, ko kukan tsuntsu babu, sai gero da ke kaɗawa. Na kai kamar tsawon abin da mutum zai yi alwala ya yi salla, sannan na tashi na sake bugawa. Bugu ɗaya ya tashi.

Da zan dawo, haka. Bayan kwana biyu, haka.

Bubayero ya ce datti ne a tanki. Na sake wankewa. Ya ce kwail ne ke ɗaukar zafi. Na canza. Duk inda na bi a cikin Gaya da Toranke babur lafiya lau, amma gawo ba ya wuce shi. Ga ciki ya shiga wata bakwai. Na riƙa lissafa zaman nan na gindin itace, ina tuna amalanke.

Ƙarshe Bubayero ya gaji ya ce, “Tashi mu je in gani. Ku Barebari ko jaki aka ba ku sai kun ce ya lalace.”

Shi ya tuƙa, ni ina baya. Yana ta surutu yana ba shi wuta. Muna isa gawo babur ya yi shiru, ya ja hagu. Na ga Bubayero ya ƙanƙame kan yana son ya miƙar da shi, amma sai da muka tsaya a inda na saba tsayawa. Ya sauka ya sunkuya.

“Kai ka rufe famfon nan?”

“Ni da hannuna ke kan ƙarfen kariya a baya?”

Ya buɗe famfon, ya ciro waya daga aljihu ya ɗaure shi tam, ya ce girgizar hanya ce ke murɗa shi. Ya buga kik. Shiru.

Muna cikin haka sai wani tsoho ya fito daga cikin gero da fartanya a kafaɗa. Gonarsa ce ke jikin gawon. Muka gaisa. Bai kalle mu sosai ba, babur yake kallo.

Ya ce, “Yaro, na kwana biyu ina hangen ka da babur ɗin Haruna. Na rasa yadda zan yi maka magana.”

Na ce, “Baba, wane Haruna?”

“Na Gafasa, ƙanen Muhammad Auwal. Bara war haka ya taso daga Gaya da rana tsaka. Ya zo nan ya tsaya, ya kafe babur ɗinsa daidai inda yake yanzu, na ga ya sunkuya ya murɗa wani abu a ƙasan tanki. Sai ya zauna a kan saiwar can ya jingina.” Ya nuna saiwar da nake zama. “Ina cikin geron nan na ce masa sannu da hutawa. Bai amsa ba, na ce barci ne. Mutane suna wucewa suna masa sallama. Sai da la'asar na zo tashinsa, na ce kada salla ta wuce shi. Ashe tun azahar ba ya nan. Taku ashirin ne tsakanina da shi, ina ta noma.”

Bubayero ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Murya ƙasa-ƙasa, ban taɓa jin sa haka ba.

Ni kuwa bayan rumbun nan na tuna, da hannuna a kan tanki. Na tambayi mutum babur, ya ba ni amsar ɗan'uwansa, ni kuma na tsaya a gabansa ina ƙyaƙyata dariya. Sannan na kwashi maganar na kai kasuwa aka yi ta wasa da ita wata uku.

Da babur ɗin ya ga dama ya tashi. Har muka isa Gaya Bubayero bai tsokane ni ba. Da zan tafi ya ce, “Hafizu, ka rabu da shi.” Ranar ce ya fara kiran sunana.

Ban gaya wa matan gida komai ba, don kada in ɗora wa Zuhra tsoro a kan nauyin da take ɗauke da shi. Washegari na bar babur a gida na taka da ƙafa har Gafasa, na yi sallama da Muhammad Auwal. Muka zauna a dakalin ƙofar zaure. Na yi masa ta'aziyyar da ya kamata in yi tun farko, sannan na ba shi haƙuri.

Ya ce, “Na gane ba ka gane ba. Na so in gyara maka, sai na ji bakina ya yi nauyi. Amma addu'ar da ka yi na karɓa, ko da dariya ta zo.”

Na tambaye shi me ya sa suka bar babur mai lafiya ya ruɓe a bayan rumbu. Ya waiwaya cikin zaure kafin ya amsa. Ya ce mahaifiyarsu, Iya Hansai, idonta ya tafi, amma kunnenta ya san ƙarar babur ɗin nan a cikin ɗari. Shi ya sa babu wanda ya yi ƙarfin halin tayar da shi. Duk da haka, kullum rana ta take sai ta ce ga Haruna nan ya dawo, a kai masa ruwa. Da abin ya yi yawa suka ce a fitar da shi daga gidan.

Sai wata murya ta fito daga cikin duhun zauren. “Auwalu, da wa kake magana?”

“Baƙo ne, Iya. Wanda ya sayi babur.”

“Matso, ɗan nan.”

Na shiga na durƙusa na gaishe ta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce a kan tabarma, da carbi a hannu. Ta lalubo kaina ta shafa.

Ta ce, “Ka tashe shi.”

“Na tashe shi, Iya.”

“Na sani. Ran Talata da hantsi. Sau biyu ya ƙi, na uku ya kama.”

Na ɗago na kalli Muhammad Auwal. Shi ma ni yake kallo. Tsakanin gidanmu da Gafasa ko ganga aka buga ba a ji.

Ta tambaye ni sana'a zan yi da shi, na ce a'a, iyalina ce ke da tsohon ciki. Ta ce Allah ya raba lafiya, ta koma jan carbinta kamar ba ni a wurin.

Na je wurin limaminmu. Ya ce wanda ya tafi ya tafi, ba ya dawowa tare hanya, in yi wa mamacin sadaka da addu'a in bar waswasi. Na yi sadakar. Na koma na gwada, babur ya tsaya a gawo kamar kullum. Na nemi mai saye, amma labari ya riga ni zuwa kasuwa, kowa sai ya ce Allah ya kawo wani. Sai na je na roƙi Anas, maƙwabcinmu mai babur, cewa duk lokacin da abin ya taso shi zai kai mu. Ya ce ko yana cikin cin tuwo ne in kira shi.

Muna lissafin saura mako uku Zuhra ta haihu. Ranar wata Juma'a na yi wanka na sa riga, maza duk sun riga sun wuce masallaci a Toranke, ni na tsaya ɗaure tunkiyar da ta kwance. Sai na ji Gwaggo Larai ta ƙwala mini kira, irin kiran da ba ta taɓa yi mini ba.

Zuhra tana durƙushe a bakin ɗaki, ta riƙe turmi. Gwaggo ta karɓi haihuwa da yawa a unguwarmu, ba ta da saurin firgita. Ta ce, “Akwai jini. Wannan ba tawa ba ce. Fito da abin hawanka.”

Na kira Anas. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka, an shiga huɗuba. Na kira wasu biyu, a kashe. Na tsaya ina kallon babur a gindin darbejiya.

Gwaggo ta ce, “Me kake kallo? Ba don wannan ranar ka hana mu sakat da ƙarafa ba?”

Na buga, ya tashi. Muka ɗora Zuhra a tsakiya, Gwaggo ta hau kan kariya ta rungume ta ta baya. Na so in zo wa gawon da gudu ko ƙarfin tafiya ya wuce da mu, amma ruwan jiya ya tara yashi a hanya, kuma duk ramin da na faɗa sai in ji Zuhra ta cije rigata. Dole na tafi a hankali. Babu kowa a hanya, babu kowa a gonaki. Rana tana tsakiyar ka.

Can na hango fararen rassan nan. Na ɗaga murya na yi sallama. Na ce, “Allah ya jiƙanka, Haruna. Allah ya sa ka huta.” Wannan karon da gaske na faɗa.

Babur ya yi shiru.

Kan ya ja hagu. Na danne shi da duk ƙarfina na hana shi, muka tsaya cak a tsakiyar yashi. Na kafa ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗayar ina buga kik. Na buga, na buga. Ba zan iya sauka in tura ba, in na saki kan duk mu zube. Su ma ba za su iya sauka ba. Zuhra ta daina cizon rigata, kanta ya kwanta a bayana da nauyi. Gwaggo tana kiran sunanta tana cewa, “Ke, buɗe ido. Zuhra, kalle ni.” Na san zaman wurin nan, na san tsawonsa. Na san ba mu da shi.

Sai na ji an ce, “Riƙe kuloci. Sa giya biyu.”

Murya ce ta namiji, a natse, kusa da kunnena na hagu. Ban yi tunani ba, na riƙe, na taka giya. Babur ya fara motsi. Mutum uku a kansa, a cikin yashi, amma ya tafi kamar a gangare, har na ɗauke ƙafata daga ƙasa. Ban ji takun kowa ba, ban ji numfashi ba.

“Saki.”

Na saki. Injin ya yi wata gurnani ya kama. Na murɗa mai. Ban waiwaya ba, wuyana ma ya ƙi juyawa, har sai da tayarmu ta hau kwalta.

A asibiti suka karɓe ta da gudu suka rufe ƙofa. Na zauna a kan benci a baranda, rigata duk ta ɓaci. Aka kira la'asar ina zaune. Na yi salla na dawo na sake zama. Can sai ga Gwaggo Larai ta fito tana gyara mayafi.

Ta ce, “Mace ce. Tana ta tsala ihu. Uwar ma ta farfaɗo, sun ce da mun ƙara jimawa kaɗan da wani zancen ake yi.”

Na rufe fuska da hannu. Ta bar ni na ɗan jima, sannan ta zauna kusa da ni ta dungure mini kai.

“Amma kai ba ka da kirki, Hafizu. Haka na raine ka? Bawan Allah ya turo mu cikin yashin nan, ko na gode ba ka ce masa ba, ka fizgi babur ka bar shi a tsaye.”

Na ce, “Gwaggo, kin gan shi?”

“Yo ba daga gindin gawo ya taso ba? Yana zaune a kan saiwa tun da muka doso, ai shi ka yi wa sallama.”

“Fuskarsa fa?”

“Ina zan ga fuska ina fama da yarinya? Hannunsa dai na ji a nan gefena, inda ya dafa ƙarfe. Sanyi ƙalau, ka san alwala ya yi. Juma'a zai tafi muka sa ya makara.” Ta miƙe tana dafa gwiwa. “Ka nemo shi, ka ji ko? Ranar suna da shi za a ci. Yanzu tashi ka je ka yi wa 'yarka huɗuba.”

Na shiga. Zuhra tana kwance, leɓenta ya yi fari, amma da ta gan ni ta ɗan motsa yatsu. Aka miƙo mini jaririyar a cikin zani, ɗumi gare ta, ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kai bakina kunnenta na dama na yi kiran salla a hankali, sai ta yi shiru tana saurare.

Gwaggo ba ta manta ba. Har bayan suna tana tambayata ko na samo mutumin, ina ce mata ban same shi ba tukuna. Ban dai gaya mata cewa ban nema ba.